DUTSE DA KURMI A GWAGWALADA: ARZIKIN DA BIRNI KE CINYEWA

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko ko Badun ko Anacha ya san Gwagwalada, ko da kuwa bai taɓa kwana a cikinta ba. Da zarar mota ta baro Lakwaja, ta haye gadar Murtala a Jamata, ta wuce Kotonkarfe da Abaji da Kwali, to a nan ne direbobi da yawa kan tsaya a yi salla a ci abinci, kafin a miƙa Zuba a ɗauki hanyar Kaduna. Galibin matafiya abin da suka sani game da garin bai wuce zafin rana da tashar mota ba. Amma wanda ya leƙa ta taga ya duba da kyau zai ga abubuwa uku a kan hanyar nan tun daga Abaji, watau tulin doya, da buhunan gawayi, da tifofi ɗauke da yashi da tsakuwa sun nufi birni. Dukansu daga jikin ƙasa ɗaya suke fitowa, kuma biyun ƙarshe suna cin tushen na farko.

Dalilin zafin Gwagwalada shi ne a kwari take. Ƙasar Birnin Tarayya ta yi tudu ne daga arewa maso gabas, wajen duwatsun Bwari da Aso, inda tsayin wasu ya haura mita 700 bisa teku, sa'an nan ta gangaro sannu a hankali zuwa kudu maso yamma. Duk ruwan da ya sauka a kan duwatsun nan dole ya nemi hanya, babbar hanyarsa kuwa ita ce kogin Usuma, wanda ya ratsa Kubwa, ya bi ta tsakiyar Gwagwalada, ya faɗa kogin Gurara, shi kuma Gurara ya je ya shiga Kwara kafin a kai Lakwaja. Saboda haka abin da aka yi wa dutse a sama, mutumin Gwagwalada ne ke ganin sakamakonsa a ƙofar gidansa.

MAHAƊAR DAJI BIYU

Abin da ya sa ƙasar nan ta zama daban shi ne nan dajin Arewa da kurmin Kudu suka haɗu. Ruwan sama yakan fara daga watan Afrilu ya kai Oktoba, abin da ke sauka a shekara kuwa tsakanin milimita 1,100 ne da 1,600, watau ya ɗara na Kano nesa ba kusa ba. A kan fili sai ka ga itatuwan da Bakano ko Bakatsine ya sani tun yana yaro: kaɗanya, ɗorawa, maje, marke, ƙirya, kawo, maɗaci, tsamiya, ɗinya da giginya. Amma da ka gangara bakin rafi ko ka shiga lungun dutse inda wutar daji ba ta kai, sai ka tarar da kurmi mai duhu, da loko da tukurwa da gora da kwakwar manja, kamar a ƙasar Yarabawa. Masana sun daɗe suna cewa irin waɗannan guntayen kurmi na Birnin Tarayya suna cikin ragowar manyan dazuzzukan da suka saura a tsakiyar ƙasar nan.

Mutanen da suka gaji wurin, Gwari (su kansu Gbagyi suke kiran kansu), da Bassa da Koro da Gade da Gwandara da Ganagana, da Hausawa da Filanin da suka zauna tare da su shekara da shekaru, babu itacen da ba su san aikinsa ba. Kaɗanya ta ba da man girki da na shafawa. Ɗorawa ta ba da kalwa a yi daddawa, wadda ita ce Yarabawa ke kira iru, garinta kuma yara su sha. Ɓawon maɗaci na ciwon ciki ne, ƙaron maje na turare ne, ƙirya ta turmi ce da gawayin maƙera, ganyen kawo da na madobiya kuwa su ne ke riƙe shanun Filani a ƙarshen rani sa'ad da ciyawa ta ƙare. 

Kada mai karatu ya raina ilmin nan. A Idu, cikin Birnin Tarayya, akwai cibiyar gwamnati ta binciken magunguna, wadda ta sarrafa maganin sikila mai suna Niprisan daga abubuwa huɗu: masoro, da kanumfari, da karan dafi, da wani itace ɗan'uwan madobiya. Uku daga cikinsu babu teburin ɗan koli da ba za a same su ba.

Namun daji ma a da ba a magana. Akwai ɓauna da gwanki da mazo da gada, ga gogo da biri a kan duwatsu, ga rema a cikin kogo, ga beguwa da gyazbi da zabin daji da makwarwa, ga kada a cikin gulbi. Yau yaron da aka haifa a Gwagwalada in yana son ganin manyan cikinsu, sai a biya masa kuɗin mota zuwa gidan ajiye namun daji da ke Asokoro, a gindin dutsen Aso. Kai, ko ungulu da ake kora a mahauta ta yi wuyar gani, har a 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa.

ABIN DA KE CIKIN ALJIHU

Mai son ya san darajar ƙasar nan ba sai ya yi tafiya ba, ya laluba aljihunsa. A bayan tsohuwar takardar naira 100 akwai dutsen Zuma, wanda ke cikin Jihar Neja, daf da Zuba. A bayan naira 20 kuwa ga Ladi Kwali nan tana gina tukunya.

Dutsen Zuma yana da tarihi da Zazzau. Da jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ƙasar Zuba ya nufo, ƙanensa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja. Duwatsu da duhun daji suna cikin abin da ya kare masarautar daga mahayan dawaki har zuwan Turawa a 1902. Malam Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi, a cikin tarihin Abuja da suka rubuta, wanda aka fassara da Turanci aka buga a 1952, sun ba da labarin kurmin da ya kewaye dutsen, da ƙauyen Koro da ke ɓoye a cikinsa, da yadda jama'a ke tsoron kusantar wurin. Ko me mutum zai ce game da tsafin da ake yi a can, tsoron nan ya tsare itatuwa shekaru masu yawa ba tare da ɗan sanda ko malamin daji ba. Tsoro ya tafi, kuma ba a kawo wani abu a madadinsa ba.

Ita kuwa Ladi Kwali, yumɓun ƙasar Gwari ne ya kai ta Ingila da Amurka. Wani Bature mai suna Michael Cardew ya zaɓi tsohuwar Abuja ya kafa makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950, saboda ya sami yumɓu mai kyau da ruwa da itacen gashi a wuri ɗaya. Ladi ta shiga a 1954, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Har yanzu mata na ginin tukwane a Giri da Kwali da Ushafa, ƙauyen da Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a 2000.

DA BIRNI YA ZO

Ran 3 ga Fabrairu 1976, kwana goma kafin a kashe shi, Janar Murtala Muhammed ya sanar da kafa sabon Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Aka yanko ƙasa wajen murabba'in kilomita 8,000 daga yankunan da yanzu suke cikin jihohin Neja da Nasarawa da Kogi. Shirin farko shi ne a kwashe dukan mazauna wurin a kai su wani waje.

A nan akwai wani abu da ya kamata masu son daji su riƙa tunawa. Da aka tura masana daga Jami'ar Badun a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje suka binciki ƙasar a 1977, sai suka tarar jama'ar sun fi yadda aka zata yawa, kuma daji cike yake da ƙudan tsando mai kawo ciwon barci da sammore, bakin koguna kuma da ɗan baƙin ƙudan nan mai makantarwa. Suka ce noman da mutanen ƙauye ke yi shi ne ke rage wa tsando mafaka, in aka kwashe su daji zai rufe, cuta ta ƙaru. Wannan da tsadar diyya suka sa gwamnatin Janar Obasanjo ta sake shawara a 1978, aka bar yawancin ƙauyuka a inda suke. Watau tun ran farko an gane cewa ƙasar nan ba ta gyaruwa sai da manominta. Manomin Gwari yana sare daji ya yi kunyar doya, amma yana barin kaɗanya da ɗorawa a tsaye cikin gona, bayan 'yan shekaru kuma ya bar gonar ta huta ta koma saura.

Abin da ya rushe wannan tsari shi ne yawan jama'a. Janar Babangida ya tare a Abuja ran 12 ga Disamba 1991, a shekarar da ƙidaya ta nuna mutanen Birnin Tarayya duka ba su kai 400,000 ba. A ƙidayar 2006 sun haura miliyan 1.4, Gwagwalada kaɗai tana da wajen 158,000, kuma ba a sake ƙidaya ba tun daga nan, sai dai kowa na ganin yadda gidaje suka haɗe daga Zuba har Dei-Dei, daga Giri har Lugbe. Ga Jami'ar Abuja da aka kafa a 1988, ga asibitin koyarwa, ga ma'aikatan da kuɗin haya ya koro daga cikin birni. Kowane ɗayansu yana bukatar fili, da bulo, da abin hura wuta.

GAWAYI, TSAKUWA DA YASHI

Yadda ake yin gawayi a ƙauye shi ne a sare itace ɗanye, a jera gumagumai, a rufe da ciyawa da ƙasa, a sa wuta ta yi ta ci a hankali kwana da kwanaki. A irin wannan gashi kilo 1 na gawayi yakan ci kilo 5 zuwa 10 na itace. Mai saye kuwa ba ya son gawayi marar nauyi, ƙirya yake nema da marke da kawo, in babu su sai a faɗa wa kaɗanya. To, kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, in ta fara kuma sai ta ciyar da jikoki da tattaɓa kunne. Injin yankan katako yana kayar da ita kafin a gama shan shayi.

Ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan mai toya gawayi. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016, gas ya yi tsada, aka zo aka cire na fetur a 2023, matar gida da mai tuwo-tuwo da mai tsire duk suka koma kan gawayi. Buhunan da ake lodawa a saman tirela daga hanyar nan wasu a Ikko ake sauke su, kuma a cikin masu lodin da masu sayarwa da masu gasa nama da shi akwai 'yan Arewa da yawa. Abin mamaki kuma, a watan Agusta 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar hana fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya na wata 6, don a riƙa sarrafa shi a gida, ganin cewa Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawansa amma ribar da take samu kaɗan ce. Shawara ce mai kyau, sai dai masana'anta ba ta matse mai daga buhun gawayi.

Madobiya kuwa wani bala'in ne ya same ta. 'Yan kasuwar Sin suka gano jan katakonta, aka yi ta sararta a Kogi da Taraba da sauran jihohin tsakiya ana lodawa a jiragen ruwa, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta ƙayyade cinikinsu daga farkon 2017, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Bafillacen da ya saba sassabe rassanta don shanu sai ya tarar da kututture. An keɓe wa makiyaya wuraren kiwo huɗu a Birnin Tarayya, Paikon Kore a nan Gwagwalada, da Kawu da Karshi da Rubochi, fiye da hekta 33,000 gaba ɗaya, amma gonaki da gidaje sun daɗe suna kutsawa ciki, abin da ke ƙara tunzura rigimar manomi da makiyayi.

Duwatsun su kansu ba su tsira ba. Kowane bene da kowace gada a Abuja da tsakuwa aka yi su, kuma daga duwatsun kewaye ake fasa ta da nakiya. A watan Satumba 2018 ƙasa ta yi motsi a Mpape da kewayenta har mutane suka bar gidajensu, hukumar birnin ta dakatar da fasa dutse a wurin na wani lokaci, kwamitin da gwamnati ta naɗa kuma ya ambaci yawan haƙa rijiyoyin burtsatse. Yashi kuwa daga cikin koguna ake kwasarsa, gaɓa tana zaizayewa tana cin gonakin fadama.

RUWA YANA DA HANYARSA

Itace da ganyen da ya zuba a ƙarƙashinsa su ne ke tare ruwan sama a gangaren dutse, su ba shi lokaci ya nitse, ya riƙa tsattsafowa cikin rafi har rani. In aka aske gangaren, aka shimfiɗa kwano da kwalta a ƙasa, ruwan da ya kamata ya yi mako yana sauka sai ya sauko cikin dare ɗaya, ɗauke da laka yana cike cikin kogi. A ƙarshen watan Yuli 2020 Usuma ya cika ya batse, ya shanye gidaje a Gwagwalada da Giri, aka yi asarar rayuka, motocin Kudu da na Arewa suka yi cirko-cirko a hanya. Ba saran itace kaɗai ya jawo haka ba, domin da yawa daga gidajen a kan hanyar ruwa aka gina su, wasu ma da takardar izini. Amma kogin da ke ambaliya da damina shi ne kuma wanda birnin ke sha daga gare shi. Madatsar Usuma da ke kusa da Ushafa, mai ɗaukar wajen kubik mita miliyan 100 na ruwa, ta kasa wadatar da jama'a, sai da aka jawo ƙari daga madatsar Gurara a Jihar Kaduna ta cikin bututu mai tsawon kilomita 75.

DARASI DAGA INDIYA

Masu kallon finafinan Indiya sun sha ganin duwatsun Himalaya masu ƙanƙara a bayan 'yan wasa. Can a lardin Chamoli, a gindin dutsen Nanda Devi mai tsayin mita 7,816, akwai ƙauyuka da su ma rayuwarsu ta rataya a kan daji: itacen girki, ganyen dabbobi, saiwoyin magani. A 1970 kogin Alaknanda ya yi mummunar ambaliya, mutanen wurin suka lura ɓarnar ta fi yawa a inda 'yan kwangila suka aske gangaren duwatsu. A 1973 hukumar daji ta hana mutanen ƙauye 'yan itatuwan da za su yi kayan noma, ta juya ta ba wani kamfanin kayan wasanni daga can birni. Sai suka tashi, da jagorancin Chandi Prasad Bhatt, suka ce za su rungume itatuwan, mai sara ya haɗa da su. Daga nan aka sami sunan Chipko, watau manne wa abu.

A watan Maris 1974, ran da mazan ƙauyen Reni ba sa nan, masu gatari suka iso. Wata gwauruwa mai suna Gaura Devi ta tara mata 27 suka tare hanya, suka kwana a dajin har ma'aikatan suka janye. Magana ta yi ta girma, a 1980 gwamnatin Indira Gandhi ta hana saran ɗanyen itace don kasuwa a dazuzzukan yankin har shekara 15.

Amma labarin bai ƙare da daɗi ba. A 1982 gwamnati ta mai da kewayen Nanda Devi gandun daji na ƙasa, ta rufe shi, mutanen Reni da suka ceci dajin aka hana su kiwo da ɗibar magani a ciki, har a 1998 suka yi gangami suka kutsa da ƙarfi. Sa'an nan a watan Fabrairu 2021 dutse da ƙanƙara suka ɓalle daga sama, ruwa ya share tashoshin lantarkin da aka gina a kwarin, mutum fiye da 200 suka mutu ko suka ɓace, yawancinsu leburori. Waɗanda suka san dajin ba a tambaye su ba, ran rufewa ko ran gini.

ƘASAR WA?

Nan ne maganar ta dawo gida. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukan ƙasar Birnin Tarayya, sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da haka, a 2000 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci cewa babu mallakar ƙasa ta gargajiya a cikin yankin. Ma'anar wannan ita ce manomin Dobi ko Ibwa ko Paiko yana noma gonar kakansa ne kafin ran da za a zo da taswira. In an zo, ba a biyan kuɗin ƙasa, sai na amfanin gona da gini da itatuwa masu 'ya'ya, kuma koke a kan ƙanƙantar diyyar ba ya ƙarewa. Mutumin da bai san ko baɗi gonar tasa ce ba, da wace hujja za a ce masa ya bar kaɗanya don jikansa, alhali ga mai gawayi tsaye da kuɗi a hannu? Matan da ke tsintar ƙwara da kalwa kuma, waɗanda su ne asarar ta fi shafa, ba su da murya a ofishin rabon filaye, ga shi 'yan fashin daji masu satar mutane sun sa shiga jeji mai nisa ya zama kasada a sassan Bwari da Kuje da Kwali.

Taswirar Abuja ta 1979 ta keɓe duwatsu da bakin koguna a bar su kore, kuma har yanzu akwai sauran kurmi a lungunan Kuje da Kwali da Abaji da gefen Gurara. Akwai sarakuna, Aguma na Gwagwalada da Etsu na Kwali da Gomo na Kuje da Ona na Abaji da Agora na Zuba, waɗanda dagatansu suka san kowane kurmi da sunansa da iyakarsa. Abin da ya rage shi ne Ministan Birnin Tarayya ya sa a auna wuraren nan, a buga su a jaridar gwamnati, a rubuta sunan ƙauyen da zai tsare kowane ɗaya ya kuma ci amfaninsa, yadda ba mai iya raba shi ga 'yan kwangila. Ikon rabon ƙasa a Birnin Tarayya a hannunsa yake, ba a hannun ƙananan hukumomi shida ba.